Jar Fitilar da Ta San Juma'a

Illela,
ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga ɗana Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun tashi lafiya kai da iyalinka, ina roƙon Allah ya sa aikin malamin gona da aka tura ka Yawuri ya zame maka alheri, ya tsare ku a hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a can.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, in na zaunar da kai zan yi magana sai in dubi ƙasa kai ma ka dubi ƙasa, mu ƙare a kan zancen damina. Ga shi jibi Asabar za ka kama hanya da matarka Rabi a motar da na ba ka, kuma ka san halin da take ciki. Akwai abin da ba zan bari ka wuce Gwadabawa ba ka san shi ba.

Shekaranjiya Talata, da ka kai ni ta'aziyya Gidan Katta, jar fitilar birki ta kama a kwanar bakin fadama, ta ɗauke, ta sake kamawa da muka hau gargada. Na ga ka gani. Ka ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ka yi murmushi ka ce, "Baba, ai rigakka ta, haka taka yi." Na taya ka dariya, amma tun ranar tuwo bai yi mini daɗi ba. Ni na koya maka wannan magana. Labarin fitilar nan kashi biyu ne, na yi shekaru ina ba ku na farko saboda yana sa a yi dariya, na biyun kuwa na rufe shi ruf.

Bari in maimaita maka na farkon yadda ya faru, ba yadda nake ƙawata shi a zaure ba. A shekarar da na sayi motar, ji nake duk Illela babu mai ido da hankali kamata. Daga Litinin zuwa Alhamis ina zuwa ofis da kaftanina, mota lafiya lau. Ranar Juma'a ina tayar da ita zan tafi masallaci, sai jar fitila ta kama. A dawowa ma ta kama. Asabar shiru, Lahadi shiru. Haka aka yi Juma'a huɗu a jere.

Mai hankali wurin makanike zai nufa. Ni kuwa ɗan gidan malamai ne, sai na nufi Baffanka Malam Buhari a makarantarsa. Ya ajiye allon da yake dubawa, ya fito ya zagaya motar sau biyu hannuwansa a baya, shi da ko keke bai taɓa hawa ba. Ya ce, "Wanga abu ba na ƙarhe na ba. Ran Juma'a na mutane ka taruwa suna kallon motagga. Baki na." Ya yi wa bonet tofi, ya ba ni laya na rataya a madubi. Juma'a ta zagayo, fitila ta kama abinta, har ta fi da ja.

Da laya ba ta ci ba, sai na sauya fassara, don ni ba na rasa fassara. Na ce ai motar ce ta san Juma'a, tuna mini take kada in makara. Na faɗa sau ɗaya da wasa, na ga an yi shiru ana saurarena, sai na fara faɗa da gaske. Kafin wata biyu, in an sallame salla mutane sai su kewaye motar suna leƙe ta taga. 'Yan canjin bakin iyaka, waɗanda bakinsu bai bar kowa ba, in na wuce sai su ɗaga damin sefa su ce, "Alhaji, motakka ta yi alwala?" Wani tsoho daga Araba ya shafa bonet ya shafa fuskarsa. Ina kallonsa ban hana shi ba, Allah ya yafe mini.

Wanda ya kwance mini rawani shi ne Isufu, makaniken nan mutumin Ƙwanni da ke bayan tasha, wanda ka sani ba ya magana biyu in ɗaya ta isa. Wata Juma'a ya ce in rage masa hanya. Ya zauna a gefena bai dubi fitilar ba, ni yake kallo. Ya ga yadda na tattaro babbar rigata mai sitaci na cusa ta ko'ina don in samu wurin zama. Muna tashi fitila ta kama, na nuna masa ina taƙama. Ya ce, "Alhaji, ɗaga hannunka." Ya zaro shafin rigata daga ƙarƙashin birkin hannu, ya danna sandar ta zauna daram, fitila ta mutu. Ashe akwai ɗan maɓalli a ƙasan sandar, in ba ta kwanta sosai ba fitila ba za ta yi shiru ba. Ya ce, "Mota ba ta san Juma'a ba, Alhaji. Rigakka ta ta san ta." Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce to. Kafin la'asar har masu tura baro a tasha sun ji.

Abin da zan ce maka a nan kaɗan ne. In fitila tana kamawa tana ɗaukewa, kada ka fara da tambayar wa ke bin ka da sharri. Ka lura da lokacin da take kamawa, a wace hanya, kana yin me, kuma me ya bambanta da jiya. Ka fara duba birkin hannu, ka tabbata ya kwanta kuma babu riga ko darduma ko carbi a ƙarƙashinsa. Addu'a kuwa ka yi ta, ba na hana ka, amma ka yi ta kana buɗe bonet. Baffanka da kansa daga baya cewa ya yi layar ai ta yi aiki, ita ta kawo Isufu.

Yanzu ga wanda ba ka sani ba. Shekara uku ke nan, kana makarantar koyon aikin gona, lokacin da aka rufe iyaka komai ya yi wuya. Fitilar ta dawo. Wannan karon ba ruwanta da Juma'a. In na karya kwana sai ta ƙifta, in na hau gargadar hanyar Araba sai ta yi ta ƙiftawa, in na fito miƙaƙƙiyar kwalta sai ta yi shiru. Ni kuwa na riga na haddace amsa ɗaya, na ɗauka duk tambayar duniya ita ce amsarta. Ina ganin ja sai in ture rigata gefe, ko da rigar ba ta kusa da wurin.

Wata Talata ina tare da Innarka ta ce, "Alhaji, yau ba Juma'a ta ba, kuma kaftani na jikinka." Na ce mata, "Ke mi kinka sani ga mota?" Ta ce ita kam ba ta san komai ba, ja kawai ta sani. Maganar ta ƙona mini rai, saboda gaskiya ce kuma ba daga bakina ta fito ba. Washegari na ɗauki kan sarki ɗaya daga aljihun teburina a ofis, na lasa, na manna a kan fitilar. Ka dubi wannan aiki. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda ake kawo wa takardu ya sa hannu, ya rufe bakin fitila da kan sarki kamar zai aika da ita Kaduna. Na yi sati uku ina tuƙi cikin kwanciyar hankali, ina yaba wa kaina dabara.

Sai birki ya fara laushi. Da in na taɓa sai ya kama, yanzu sai na taka ƙafata ta yi nisa. Na ɓamɓare kan sarkin na tarar fitila ta daina ƙiftawa, ta tsaya ja wur. Na buɗe bonet, karo na farko a wannan shekarar, na ga kofin man birki saura kaɗan a gindi. Wurin Isufu ya kamata in tafi, amma na tuna dariyar da aka yi mini a tasha, na ce wallahi ba za a yi ta biyu ba. Na zaga kasuwa neman man birki a ɓoye, babu, don daga Ƙwanni yake shigowa kuma hanya a rufe. Wani direban a-kori-kura ya ja ni gefe ya ce su a daji ruwan sabulu suke zubawa, yana kai su gida. Bai ce mini a yi wata guda da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Na dama garin sabulu a butar alwala, na cika kofin har baki. Ina tayar da mota fitila ta mutu. Na koma gida na kira Innarka na nuna mata, na ce ta ga yadda masu ilimi ke gyara.

Ka riƙe wannan da kyau. Man birki ba ya ƙarewa kamar fetur, zagayawa yake a rufe. In ka ga ya ja baya, ko dai abin da ke damƙe taya ya cinye, ko kuma yana yoyo ta wani wuri. Cika kofi yana kashe fitila, amma bai gaya maka inda na farkon ya tafi ba. Kuma kada ka zuba komai a kofin nan sai man da aka yi domin shi, daga gwangwani rufaffe. Ba ruwan sabulu, ba baƙin mai, ba man gyaɗar Innarka.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, mun fito daga ɗaurin aure Innarka ta ce in biya da ita ta sayi tabarmi. Ka san ɗan gangaren da ke sauka layin 'yan albasa. Na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na sake takawa, na sake, motar kamar ƙara mata ƙarfi nake. Na kai hannu zan ja birkin hannu, sai na damƙo riga, don ranar da gaske babbar riga ce a jikina. Kafin in raba hannuna da shadda mun isa. Na samu na ja sandar a ƙurarren lokaci, mota ta ɗan rage gudu, sannan ta shige cikin tulin buhunan albasa har rabin bonet.

Albasa ta watse har layin 'yan tukwane. Mai albasar, wani dattijo da ke zaune a saman buhuna yana cin goro, ya gangaro ya sauka a kan bonet, fuskarsa a gilashi daidai tawa. Muka dubi juna. Ya gyara hularsa ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Buhu nawa kaka so?"

Na juya zan yi wa Innarka dariyar tsira, sai na ga jini ya rufe mata ido ɗaya. Goshinta ya bugi ƙarfen madubi. Ta tagar gefenta kuma na hango wata mata da goyo tsaye, kwaryarta ta faɗi, taku ɗaya ne tsakaninta da inda tayata ta bi. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙafafun jaririn nan suna lilo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Duk da haka, da mutane suka taru ana tambayar me ya faru, bakina ya riga hankalina. Na ce jaki ne ya gitta na kauce masa. Jaki kuwa ba ya wuya a kasuwar Illela, nan da nan aka samo wani bawan Allah yana cin ɓawon rake aka yi masa bulala uku. Aka tambayi Innarka ana ɗaure mata kai, ta ce, "Jaki na, na gane shi da idona." Ni take kallo da idon da ya rage. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ko a tsakaninmu. Tabon da ke girarta ta hagu, wanda aka ce muku na jaki ne, ni na yi mata shi da butar alwala da girman kai. Motar ta yi shekara tana warin albasa, kullum na shiga sai ta tuna mini.

Aka turo motar wurin Isufu. Ya buɗe kofin ya ga kumfa, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Wa yaw wanke ma birki ta ciki?" Na ce wani yaro ne. Ya ce, "Yaron ga da hurhura yake." Wannan karon tasha ba ta ji ba. Ya sa na tsaya a kansa har ya gama, ya ce tunda ina son aikin makanikanci gara in koya.

Ga abin da na gani ya yi, kuma shi nake so ka yi. Ya tsayar da mota a wuri mai daidai, don a karkace kofin ƙarya yake yi. Ya nuna mini zane biyu a jikin kofin, na sama da na ƙasa, da wata 'yar roba mai yawo a saman man. In mai ya ja baya robar sai ta sauka ta kunna fitila. Lokacin da man ya ragu amma bai ƙare ba, a kwana ko gargada sai ya karkata gefe ɗaya, robar ta sauka ta taso, shi ya sa fitila ke ƙiftawa. Ashe duk watannin nan motar gaskiya take gaya mini da ƙaramar murya. Sannan ya kwanta ƙasa ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa bayan kowace da tiyon da ke kai mata mai, yana duba yatsansa. Ta baya ta hagu ce a jiƙe, robar cikinta ta mutu. Bayan ya sauya ta, ya wanke sabuluna daga duk hanyoyin, ya sa na taka birki na riƙe ina karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ya ce in ƙafa ta tsaya cak, lafiya, in tana nutsewa a hankali akwai sauran magana. Waya ita ce ta ƙarshe da ya duba, don wani lokaci takan goge ta riƙa taɓa ƙarfe in an hau gargada. Ya ce kada in yarda mai wayarin ya ce zai cire ƙwan fitilar a huta, wannan da kan sarkina duk uwarsu ɗaya.

Ka ga ke nan fitila ɗaya ce amma abin da ke kunna ta ya fi ɗaya, kuma wanda ya kunna ta bara ba lallai shi ne na bana ba. Ka fara da mai sauƙi, amma kada ka tsaya a can don kawai ya fi daɗin ji. In Rabi ta ce maka ta ga ja, kada ka tambaye ta me ta sani a mota.

Yau da safe, bayan rana ta ɗan fito kana can wajen sallama da surukanka, na yi abin da ya kamata in yi tun ranar Talata. Na danna birkin hannu ya kwanta, babu komai a ƙarƙashinsa. Na buɗe bonet na ga mai ya sauka ƙasa da zanen ƙasa. Na tuɓe riga na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin motar da wannan tumbin nawa. Maƙwabcinmu Alhaji Bawa ya fito ya ga ƙafafuna kaɗai a waje, ya ɗauka motar ce ta danne ni, ya rafka salati ya kama ni yana ja. Sai da na harbe shi ya sake ni, yanzu haka fushi yake. Innarka tana tsaye a bakin zaure, sai ta miƙo mini tsumma.

Taya uku a bushe suke. Ta gaba ta dama, ɓangaren da Rabi za ta zauna, tiyonta ya tsage kuma yatsana ya fito a jiƙe.

Saboda haka ba za ku tafi Asabar ba. Na aika wa Isufu, zai zo ya ja motar a hankali zuwa garejinsa, gobe ya tsallaka Ƙwanni neman tiyo, ya ce sai Litinin in Allah ya so. Ka je ka tsaya a kansa yadda na tsaya, ka sa hannunka inda ya sa nasa. Na san an ce ka isa ofis Litinin da safe, kuma shugabanka zai yi faɗa ya ce yaran yanzu ba su san aiki ba. Na yi wa mutane irin wannan faɗa shekara talatin, ban ga wanda ya kwantar a asibiti ba. Ka ce masa ubanka ne ya riƙe ka, in yana so in rubuta masa takarda, rubutu ba ya ba ni wuya. Gara ka isa a makare kana jin haushina da a zo a yi mini sallama a zaure da hularka a hannu. Ba zan iya ɗaukar wannan ba, kuma ba zan iya duban Innarka ba.

Za ka ga tabon yatsa a ƙasan takardar nan, kusa da inda zan sa hannu. Ba man miya ba ne. Daga bayan tayarka na ɗebo shi, na dangwala maka don kada ka ce tsoho ne da tsoro. Ka shinshina, ka san warinsa, don duk ranar da ka ji shi a yatsanka ka kashe mota ka nemi inuwa.

Allah ya kai ku Yawuri lafiya a ranar da ya nufa, ya sauki Rabi lafiya, ya tsare gabanku da bayanku, ya sa duk inda ka taka birki ya amsa maka. Innarka tana sa muku albarka, ni ma na sa.

Wassalam,
Mahaifinka.